Tsufan Babana

Farfesa ta tallafi kan Babana da hannu ɗaya, ta gyara masa matashi. Kan ba nauyi. Babu gashi ko sili ɗaya, sai jijiyoyi kwance a ƙarƙashin fatar da ta yamutse. Ta kai masa cokalin shayi baki, ya kurɓi rabi, sauran ya gangaro ta haɓa.

"Sannu, Babana," ta ce, ta goge da gefen mayafinta.

Tun safe wayarta ke ruri a cikin jaka. Ta san masu kiran: 'yan jarida ne, da abokan aiki daga ƙasashen da ko taka su ba ta taɓa yi ba. Jiya aka sanar cewa maganin da aka gina a kan bincikenta ya tsallake gwajin ƙarshe.

Kusan shekara goma ta yi sunkuye a ɗakin bincike, tana neman abin da ke tsofar da ƙwayoyin halittar jiki. Ita ta gano wani gurɓataccen sinadari da ke taruwa a tsakiyar ƙwayar, ya murɗe ta har ta kasa sabunta kanta. Ita kuma ta gano yadda za a tare shi. Ƙwayoyin da ta fara gwaji da su, daga damtsen Babana aka yanko su. Duk lokacin da za a ɗauki 'yar fatar, sai ya kau da kai ya runtse ido. Ladansa alawa.

Likitan zuciya ya leƙo, ya yi mata alama da ido. Tsohon ɗalibinta ne, shi ya sa har yau ba ya iya tsayawa gabanta hannu a aljihu. Ta bi shi waje, ta ja ƙofar.

"Ka sa shi a kan maganin," ta ce.

"Ranki ya daɗe, kin fi ni sanin amsar. Maganin yana tare ɓarna ne kafin ta yi nisa. Jijiyoyin zuciyarsa sun riga sun ƙage."

"Ko rabin abin da ake bayarwa."

"Jikinsa ba zai ɗauka ba. Sai dai mu gaggauta masa mutuwa." Ya sunkuyar da kai. "Ke kika tsara ƙa'idar wanda za a ba da wanda ba za a ba ba. Ni a wajenki na koya."

Gaskiya ya faɗa. Da hannunta ta ja layin, a lokacin tana ganin za ta gama aikin kafin Babana ya ƙetare shi. Ta makara.

Ta jingina da bango ta ciro wayar don ta kashe, idonta ya faɗa kan saƙon wata mata da ba ta sani ba: namu yau ya hau bene da ƙafarsa, Allah ya saka miki da aljanna. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta so ta yi murna, murnar ta ƙi zuwa.

Da ta koma ɗakin, numfashinsa ya ƙara gajarta. Ƙirjin yana hawa da ƙyar, yana sauka da ƙugi. Ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunsa, yatsun a ƙage, gaɓoɓin sun kumbura, farcen ya bushe ya tsattsage. Ta san abin da ke faruwa a cikin kowace ƙwaya ta wannan hannun. Da za a ba ta allo, sai ta zana shi daki-daki. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta murza yatsun ko za su ɗan yi ɗumi.

Ya buɗe ido a hankali, ya nemo fuskarta.

"Umma," ya ce, muryar siririya, "ki ce wa malamin ajinmu kar ya ba wani kujerata."

Ta gyaɗa kai. Sunan mahaifinta aka sa masa ranar suna, shi ya sa take kiransa Babana. Da ciwon da ke tsofar da yaro tun yana ƙarami ta haife shi. Watan gobe ne zai cika shekara goma sha uku.