Allunan Ajin Mushe Yusha'u

Malamin aji, wanda ake kira Mushe Yusha'u, ya ƙwanƙwasa tebur da sanda, allunan yara suka tashi sama gaba ɗaya. Ya bi su da ido, layi bayan layi. 'Yan kaɗan sun ɓata lissafin. Bai yi faɗa ba, ya dawo da su bencin gaba, ya zube musu tsakuwa su sake rabawa.

Haka yake aikinsa: ya yi tambaya, kowa ya rubuta, kowa ya ɗaga. Nan take yake gane wanda ya fahimta da wanda ke bin yarima a sha kiɗa.

Amma yau akwai baƙo a bencin baya. Ansifekta Alassan ne, mai duba malamai, kuma ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba. Iyaye sun kai ƙara cewa tun da Mushe ya dawo daga jinya ya koyi girman kai. A gaishe shi a hanya ya wuce fuu, a aji kuma ya hana yara buɗe baki, komai sai allo. In rahoton yau ya yi muni, za a karɓe ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, daga hannunsa, ga jarrabawa ta matso. Shi kuwa bawan Allah, ban da alli bai iya riƙe komai ba, kuma tsoro yake ji ƙwarai.

Wata kamiyo, babbar motar kaya mai nufin gadar Malanbil, ta danna oda a bayan katanga. Ansifekta ya zabura har biro ya kuɓuce masa. Mushe ko gezau, yana rubutu a babban allo.

"A ajiye alluna," in ji Ansifekta. "Karatu nake son ji da baki."

Mushe ya ci gaba da rubutunsa. Kai, aji ya yi tsit! Samira, wata doguwar ɗaliba ta bencin gaba, ta yi wuf ta je ɗauko tsumman goge allo a gefen ƙafarsa. Sai ya juyo.

Ansifekta ya maimaita, ransa a ɓace. Mushe ya kafa masa ido, irin kallon da ko a kasuwa ba a yi wa babba, sannan ya ce, "To, ranka ya daɗe," da murya har ajin maƙwabta.

Ansifekta ya nuna wani yaro, Nasir. Mushe ya zo ya tsuguna gabansa, ya ce ya ɗaga kai, ya bi kalmomin da yatsa. Nasir ya fara. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Mushe. Can ya ɗaga hannu.

"Koma baya, ɗana. Ka tsallake kalma."

Ansifekta ya duba littafin. Ya tsallake kuwa.

Ansifekta ya zaɓi wata, ya zaɓi wani, duk daga na baya, inda ragwaye suka saba ɓuya. Suka karanta tiryan-tiryan. Da aka zo kan Kadija sai ta cije. Kafin Ansifekta ya yi magana Mushe ya riga shi.

"Dogayen kalmomi ne ke kayar da ita. Na gani a allonta tun makon jiya, ina zama da ita bayan an tashi."

Ansifekta ya rufe littafin. Ya tattara takardunsa, fuska murtuk, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Gaisuwa dai ka gyara, Mushe. Amma aji naka ne, ba mai taɓa ka." Ya hau babur ya tafi.

Yara suka kaure da murna. Mushe Yusha'u bai duba su ba. Ya koma tebur jiki a sanyaye, ya fara zuba littattafansa cikin jaka, hawaye na zuba, yana cewa su yafe masa, su yi wa sabon malami biyayya.

Samira ta fizgi alli, ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta kai allon har gaban idonsa: YA CE AJI NAKA NE. Don ita da duk ajin sun sani, ko da yake ba su faɗa wa kowa ba, tun ranar da sanƙarau ya sake shi, Mushe Yusha'u bai ƙara jin sautin komai ba.