Naɗin Jikata Ne

Shekarar da fari ya ƙone mana gero a garinmu Sarkin Hausa, zamanin soja, kakana ne mai harba bindiga in an ga watan Sallah. Ran nan da la'asar hannunsa na ta rawa, ga yunwa ga azumi, ɗan albarushin da ya rage yana zubewa ƙasa.

Ya ce, "Taho, amarya, ki naɗa mini ƙunshin albarushi. Banda takarda mai rubutu, ba a ƙona sunan Allah."

Na naɗa shuɗiyar takardar sukari a jikin kara, na zare karan, na ɗura albarushin, na murɗe bakin. Da magariba bindiga ta tashi, gari ya ɗauki guɗa. Kakana ya dubi mazan da ke wurin ya ce, "Naɗin jikata ne."

Har yau in na ji warin ashana sai in ji na ƙara tsawo.