Hoton Hajo

Tabawa ta taka turmi ta sauko da hoton daga bango. An yi wa mijinta Barmo, tafintan Kumandan na mulkin Nasara, sauyi daga Madawa zuwa Keita, gida sai ɗaurin kaya ake.

Wani likitan Nasara ne ya zana shi da fenti tun Barmo na jariri. Hajo ce zaune bisa darduma, ta sha zanen turkuɗi, mundayen azurfa har gwiwar hannu, jaririn a cinyarta, ta tsura masa ido. Ta rasu Barmo bai yi wayo ba, amma duk baƙon da ya shigo sai ya fassara masa.

"Uwata ke nan. Azurfar nan arzikin gidanmu ce. Dubi irin kallon da take mini. Ni ne ɗan farinta."

Tabawa ba ta taɓa son zama ita kaɗai da hoton ba. Ji take kamar wani a cikinsa ya riƙe numfashi.

Da safen nan aka ɗora tsohuwa Delu bisa jaki zuwa ƙauyen Tama. Baiwar Hajo ce, tare da gidan aka gaje ta.

"Ba ni tafiya da ita," in ji Barmo. "Ko sunana ba ta taɓa kamawa ba. In na shigo sai ta juya mini ƙeya."

Delu ba ta roƙa ba. Ta ajiye masa furarsa bakin ƙofa kamar kullum, da hannun nan nata mai tabon ƙuna, ta hau.

A tsakar gida jaririn Tabawa ya tsala kuka. Ɗan farinta ne, ga mata cike da gida suna taya aiki, sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba, har gwaggonta ta ɗauke shi. Nono ya tsatso ya jiƙa mata zane.

Ta tsaya cak, ta dubi hoton. Wace uwa ce za ta rungumi ɗan fari gaban baƙo, har ta kafe shi da ido?

Ta kai hoton wurin haske, ta goge shi da bakin mayafi. Bayan kafaɗar Hajo, inda kowa ke zaton inuwa ce, ga wata yarinya tsaye da tsohon zane, ta kau da fuska. Likitan bai rage komai ba: ƙirjin zanen a jiƙe, hannun da ta dafe shi da shi da tabon ƙuna.

Tabawa ta fita da gudu ba ko takalmi. Garken awaki ya riga ya tattake sawun jakin da ya tafi da uwar Barmo.