Tela da Igiyar Raket

Akwai wani dattijon tela da likita ya ce masa zaman keken ɗinki ya yi yawa, ya nemi abin motsa jini. Ɗansa ya kai shi filin fadel, wasan nan mai kama da tanis da ake yi biyu-biyu a cikin bangon gilashi, ya kuma saya masa raket, wato abin bugun ƙwallon. Wasa ya shiga ran tsoho fiye da zato. Da an idar da la'asar sai ya lulluɓe keke ya nufi fili. Mutum ne mai sauƙin kai, abin tinƙahonsa ɗaya a duniya: ga furfura fal a ka, amma har yanzu yana zura zare a allura ba tabarau. Da idon nan ya ci da gidansa, da shi ya yi wa 'ya'ya karatu.

A gindin raket akwai 'yar igiya da ake zura hannu a ciki a ɗan matse, don ko gumi ya sa raket ya suɓuce, ba zai tashi sama ba. Tela bai taɓa shiga fili bai saka ta ba. Sai dai in ya dawo, da ita yake rataye raket a ƙusar ƙofar shago, jiƙe da gumi, ba wanki ba dubawa, kashegari rana ta wuni tana dukanta. Sannu a hankali ta bushe ƙamas, zarenta ya fara tsinkewa ɗai-ɗai. Mai kula da filin ya gani, ya ce, "Baba, wannan ta gama aiki, a sake sabuwa." Tela ya yi murmushi. Shi da ke ɗinka wa gari riga, 'yar igiya ce za ta gagare shi? Ya ɗauko allura ya yi mata ɗinki na gani na faɗa. Bawan Allah ya manta abin da kullum yake gaya wa masu kawo masa gyara, cewa ɗinki ba ya riƙe ruɓaɓɓen ƙyalle.

Wata yamma ƙwallo ta zo masa ta sama yana dab da bango, ya kai mata duka da iya ƙarfinsa, tafin hannu sharkaf da gumi. Raket ya suɓuce, igiya ta tsinke. Ɗinkinsa kam yana nan daram, gefensa ne ya ɓalle. Raket ya daki gilashi, ya dawo ya same shi a idon dama. Allah ya taƙaita, idon bai mutu ba, amma gani ya ragu. Yanzu kullum da safe matarsa ke zura masa zare a allurai, ta soke su a jikin ƙyalle, ya sa a aljihu ya tafi shago. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma wallahi abin da ban tausayi.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.