Allurar da Ba Ta Zumunci

Tun da aka fara haɗa wa kowa allurarsa daga ɗigon jininsa, Gwaggo Tabawa ba ta yarda da abin ba. Amma da ciwon daji ya kama ta, allurar ta raba ta da shi, har kwalba ɗaya ta rage.

Ta riƙo ƙanwarta Ladidi, wadda ita ma ciwon ya kama, suka je kemis.

"A yi mata ragowar."

"Gwaggo, jikinki kaɗai ta sani," in ji mai kemis. "Ta jira tata, wata huɗu."

"Nono ɗaya muka sha fa!"

Tabawa ta danƙa wa Ladidi kwalbar. Tana taɓa ta, nan take ruwan allurar ya yi baƙi.

Tabawa ta zuba masa ido. "Wa ya koya wa magani rowa?"