Ha'inci a Cikin Inji

Alhaji Wada, mai fataucin shanu a garin Garuwa, ya zaro sandar awon mai daga injin baƙar motar alfarmar da yake son saye. Man ya yi kauri kamar kunu. Duk da haka, ana tayar da ita shuɗin hayaƙi ya turnuƙe garejin, injin kuma sai ƙwanƙwasawa yake.

Ransa ya ɓaci, tun safe yake yawon neman mota a banza.

"Wane marar tsoron Allah ne ya ɗura mata wannan man don ya ɓoye ciwonta?" ya daka wa Hamadu dillali tsawa.

Hamadu ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Alhaji. A hannunka muka saye ta bara. Fenti kawai muka sake mata."