Gashi Uku

Wanzamin Maska ya ɗora aska a haɓar wani manomi, sai hannunsa ya tsaya cak.

Shekara goma ke nan da manomin ya sa shi ƙone wa matarsa gashi uku a haɓa, waɗanda maƙwabta ke kira alamar maita. Wanzamin ya gargaɗe shi: kada rana ta ga wurin sai bayan kwana bakwai. Amma auduga ta fashe a gona. A kwana na uku manomin ya ce mata, "Yafa mayafi mu tafi gona." Wurin ya zama gyambo, da shi aka binne ta.

Yanzu wanzamin ya ce, "Malam, gemunka ya zube. Saura gashi uku, ƙarƙashinsu ya fara baƙi."

A hankali manomin ya ja jiki zuwa inuwa.